Wa ke da sunan albasar Galmi? Tarihin wata rigimar doka

 Yau za mu waiwayi wata rigima da aka yi a kan albasar Galmi. Rigimar ta faro ne daga wata takarda da aka ajiye a wani ofis a Yawunde ta ƙasar Kamaru, ta zo ta tada hankalin manoma a garake na jihar Tawa. Da yawa cikinku sun tuna lokacin da labari ya bazu a 2009 cewa wani kamfanin waje ya saye albasarmu. Maganar ba haka take daidai ba. Amma abin da ya faru a gaske ya isa a tsaya a fahimce shi, domin dokar da ta buɗe wannan ƙofa tana nan har gobe, kuma ta shafi duk mai ajiye iri a ɗakinsa.

GALMI DA ALBASARTA

Galmi gari ne a jihar Tawa, bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi, tsakanin Birnin Ƙwanni da Madawa. Sunan garin ne ya bi albasar, amma nomanta ya wuce Galmi nesa. Kwarin Majiya, kwarin Tarka, Tamaske, Keita, Tsarnawa, Madawa da garuruwan Adar da dama duk suna cikin wannan sana'a. Bayan damina ake zuba iri a raine shi, a dasa a fangali, a yi ta ban ruwa cikin sanyin hunturu, da guga a da, da inji yanzu, sai wajen Maris da Afrilu a cire. Ganyen ma ba a zubar da shi, mata na sarrafa shi su yi gabu. Mai hali kuwa sai ya zuba amfaninsa a rudu ya jira, don kowa ya sani buhun da ake roƙon mai saye ya ɗauka lokacin cira, shi ne ake nema ido rufe in damina ta yi nisa.

Da Faransanci ana ce mata Violet de Galmi, saboda launin ɓawonta, ja mai sirkin shunayya. Masu girki a Abijan da Akara da Lome sun san ta. Tana da yaji, tana kama miya, tana jure ajiya da doguwar tafiya a kamyo. Albasa tana cikin manyan kayan gona da Nijar ke fitarwa waje, kuma wanga iri shi ne kan gaba.

To, wa ya ƙirƙiro ta? Babu mutum ɗaya da za a nuna. Manomi ne yake duba albasarsa bayan cira, ya ware wadda ta fi kyau da tauri, ya ajiye ta, ya sake binne ta ta yi fure ta ba da iri. Ɗansa ya yi haka, jikansa ya yi haka, maƙwabta suka yi musaya. A shekarun 1960 da 1970 masu binciken noma na cibiyar Faransa da ake kira IRAT suka tattara albasar manoman yankin suka tace ta, suka rubuta siffofinta a littattafan bincike. A 1975 Nijar ta kafa tata cibiyar, INRAN, wadda ta gaji aikin. Daga nan irin ya yaɗu zuwa Burkina Faso, Mali, Sanagal da sauran ƙasashe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa: tun kafin kowane kamfani ya ɗauki alƙalami, sunan yana cikin littattafai, yana kuma cikin kasuwanni.

FATAR DA TA KOMA TA MAROKO

Kafin mu shiga ofis, mu tuna cewa ƙasar Hausa ta taɓa rasa suna a kasuwar duniya. Shekaru aru-aru majema na Kano da Katsina da Gobir da Sakkwato suna jeme fatar jar akuya da bagaruwa, su rina ta da karan dafi. Ayarin raƙuma ya kwashe ta ya bi ta Agadas ya ƙetare Sahara zuwa garuruwan bakin teku na arewacin Afirka, daga can ta shiga jirgin ruwa zuwa Turai. A Turai kuwa da sunan Maroko aka san irin wannan fata mai laushi da ake rufe manyan littattafai da ita. Waɗanda suka yi lakwal sun san kalmar maroquin da maroquinerie. Mutanen Maroko suna da nasu jimar, babu musu, amma wani kaso na fatar da ta yi wannan suna daga ƙasarmu ya fito. Mai kiwon akuyar da majemin sun karɓi kuɗin fatarsu, darajar sunan kuwa wasu suka ci ta. A wancan zamani babu wata doka da za a kai kuka gabanta.

INA DOKAR TA FITO?

Dokar mallakar fasaha a Turai aka haife ta. A 1474 birnin Benis na ƙasar Italiya ya yi doka cewa duk wanda ya ƙago sabuwar na'ura, shi kaɗai zai ci moriyarta na shekara 10. Faransa ta yi tata babbar doka a 1844. A 1883 ƙasashe suka haɗu a Paris suka amince su riƙa girmama takardun juna. Lokacin mulkin mallaka, duk wata takarda ta irin wannan da ta shafi ƙasashenmu daga Paris take fitowa.

Da aka samu ƴancin kai a 1960, sababbin ƙasashe ba su da ofisoshi ko ƙwararrun da za su yi wannan aiki. Sai ranar 13 ga Satumba 1962 ƙasashe 12, har da Nijar, suka sa hannu a Librebil ta Gabon suka kafa ofis guda na tarayya. Ranar 2 ga Maris 1977 aka sake tsarin a Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, aka haifi ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde. Yau tana da ƙasashe 17. Abin lura shi ne, a wannan tsari takarda ɗaya da aka bayar a Yawunde tana aiki a dukkan ƙasashen lokaci guda. Nijar ba ta ba da tata takardar daban. A Yamai akwai ma'aikatar da ke karɓar buƙatun ƴan ƙasa ta isar da su, amma hukunci a Yawunde ake yanke shi.

Takardun kuwa kala-kala ne, kuma rashin bambance su shi ya ƙara rikita maganar Galmi. Bari mu ware huɗu.

Ta farko ita ce birebe. Ba birebe na ƴan kwaleji ba, ko da yake kalmar ɗaya ce. Wannan takarda ce ta wanda ya ƙago sabon abu, inji ko magani ko dabarar sarrafa kaya. Tana ba shi shekara 20 ba mai ƙera abin ko sayar da shi sai da izininsa, shi kuma dole ya bayyana wa duniya yadda abin yake. Bayan shekara 20 ya zama na kowa.

Ta biyu ita ce marka, wato suna ko tambarin da ɗan kasuwa ke sa wa kayansa don a bambanta su da na wani. Shekara 10 take yi, ana sabunta ta ba iyaka. Akwai kuma marka ta gamayya, wadda ƙungiya ke riƙewa mambobinta su yi aiki da ita.

Ta uku ita ce takardar sabon iri. Ita ta wanda ya samar da sabon irin shuka ce, shekara 25.

Ta huɗu ita ce alamar asalin wuri. Wannan ba ta mutum ɗaya ba ce. Ta mutanen wani yanki ce da kayansu suka yi suna saboda ƙasarsu da ruwansu da gwanintarsu. Faransa ta daɗe da sanin amfaninta: tun 1925 ta yi doka cewa ba a kiran cuku da sunan Roquefort sai wanda aka yi da nonon tumaki aka kuma ajiye shi a kogunan dutsen wannan gari.

YADDA IRI YA SHIGA DOKA

Yarjejeniyar Bangi ta 1977 ba ta ba kowa mallakar irin shuka ba. Abin ya sake ne bayan 1994, lokacin da aka sa hannu a Marakesh a kan yarjejeniyar da ta kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. A ciki akwai sashen da ya ce kowace ƙasa sai ta kare haƙƙin masu samar da sabon iri, ko ta hanyar birebe ko ta wani tsari nata na musamman. Ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin Nijar an ba su wa'adi mai tsawo kafin wannan ya hau kansu, kuma an yi ta ƙara wa'adin, yanzu ya kai 2034.

Duk da haka, ranar 24 ga Fabrairu 1999 ƙasashen OAPI suka gyara yarjejeniyar Bangi suka ƙara mata babi na 10, na irin shuka. An gina babin a kan tsarin UPOV, wata ƙungiya da ƙasashen Turai suka kafa a 1961, kuma aka ɗauko sigarta ta 1991, wadda ta fi tsanani. Babin ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2006.

An yi muhawara sosai a lokacin. Masu goyon baya suka ce samar da sabon iri aiki ne na shekaru da kuɗi, in ba a kare mai yin sa ba, ba wanda zai zuba jari, kuma cibiyoyin bincikenmu da kullum ke kukan rashin kuɗi za su samu abin shiga. Masu suka kuma, ƙungiyoyin manoma da na farar hula, suka ce wannan riga ce da aka ɗinka wa manomin Turai, wanda ke sayen iri a kanti kowace shekara. A nan kuwa mafi yawan irin da ake shukawa daga rumbu yake fitowa, ko daga hannun maƙwabci, ko daga tiyar kasuwa. Suka nuna cewa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta fitar da wani samfurin doka a 2000 wanda ya amince da haƙƙin manoma da na al'umma, suka tambaya don mi ake gaggawa alhali wa'adi bai cika ba.

A nan ya kamata a fayyace wani abu don kada a tsorata mutane a banza. Babi na 10 bai hana ka ajiye irin geronka ko wakenka na gado ba. Irin da aka ba wa takarda kaɗai ya shafa. Ko shi ɗin, in ka saya ka shuka, doka ta yarda ka ɗebi iri daga amfaninka ka sake shukawa a gonarka, in ban da itatuwan marmari da na daji da furannin ado. Abin da ta hana shi ne ka yawaita shi ka sayar a matsayin iri ba da izinin mai takarda ba. Don haka duk tambayar ta koma wuri ɗaya: wane iri ne za a ba wa takarda, kuma da wane suna?

TAKARDAR DA TA TADA ƘURA

A 2006, shekarar da babin ya fara aiki, wani kamfanin iri mai suna Tropicasem, da ke Sanagal kuma yake da alaƙa da kamfanin Technisem na Faransa, ya shigar da buƙata a OAPI yana neman takardar sabon iri a kan albasa da sunan Violet de Galmi. Irin waɗannan buƙatu ana buga su a mujallar ƙungiyar. Amma wa ke karanta mujallar Yawunde a Galmi? Sai a 2009 maganar ta fito fili, bayan da ƙungiyoyin kare irin gargajiya na Afirka ta Yamma, irin su COPAGEN, suka yi shela. Ƙungiyar masu sana'ar albasa ta ƙasa, ANFO, ta tashi tsaye, gidajen rediyo da jaridu suka ɗauka, gwamnatin Nijar ta nuna rashin amincewarta.

A bakin jama'a cewa ake an yi wa albasa birebe. A doka ba birebe ba ne, don yarjejeniyar Bangi ba ta ba da birebe a kan irin shuka. Takardar sabon iri aka nema. Sai dai tsoron manoma yana da tushe. Da an bayar, to tsawon shekara 25, a ƙasashe 16 da ke cikin ƙungiyar a lokacin, Nijar a ciki, mai takarda zai iya tuhumar wanda ya sayar da irin albasa da wannan suna ba da izininsa ba. Ku duba fa: mutumin Galmi da ya gaji sana'ar fidda iri daga kakansa, ya ɗaura ƙullinsa ya kai kasuwa, a ce masa sunan garinsu yana da mai shi a Dakar.

Mi doka ke nema kafin ta ba da wannan takarda? Sharuɗɗa biyar. Irin ya zama sabo, wato ba a daɗe ana sayar da shi ba. Ya bambanta a fili da duk wani iri da aka riga aka sani. Tsirransa su yi kama da juna. Ya riƙe kamanninsa shuka bayan shuka. Sannan a raɗa masa suna da ba zai ruɗar da mai saye ba. Hujjar Nijar ta tsaya a kan sharaɗi na biyu da na biyar, kuma hujja ce mai ƙarfi. In irin kamfanin shi ne na Galmi, to ba sabo ba ne, duniya ta san shi shekaru da dama, yana cikin littattafan IRAT da INRAN. In kuwa wani iri ne daban da kamfanin ya samar, to mi ya haɗa shi da sunan Galmi?

Adalci ne a faɗi abin da kamfanonin iri ke kafa hujja da shi a irin wannan rigima. Suna ɗaukar iri daga manoma su shekara suna tacewa, su cire gauraye, su gwada tsirowarsa, su sa a gwangwani ya isa ga manomi da tsabta. Wannan aiki ne na gaske, kuma manoma da dama a yankin suna sayen irin gwangwani don sun ga amfaninsa. Amma tace abu daban, ƙago shi daban. Wanda ya sheƙe hatsi ya cancanci ladan shiƙa, bai zama mai gona ba.

A ƙarshe sunan bai shiga hannun kamfanin ba. Ya bar shi, ya gabatar da irinsa da wani suna, Violet de Damani. Manoma sun yi murna, kuma sun cancanci murnar. Sai dai masu bin diddigin lamarin sun ja hankali cewa suna aka ƙwato. Tambayar ko kamfani zai iya ɗaukar irin manoma ya tace shi ya nemi takarda da sabon suna, ba tare da ya nemi yardarsu ko ya raba riba da su ba, wannan tambaya ba a rufe ta ba. A 2014 ma OAPI ta shiga UPOV a matsayin cikakkiyar mamba.

BA MU KAƊAI BA

Abin da ya samu Galmi ya samu wasu, kuma yadda suka fita yana da darasi. Ku ɗauki dogon yaro, itacen da ke inuwa a kowane titi na Maraɗi da Damagaram. Asalinsa daga yankin Indiya yake. A 1994 ofishin birebe na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace na Amurka tare da ma'aikatar noma ta Amurka birebe a kan wata hanyar kashe cutar shuka da man dogon yaro. Ƴan Indiya da abokansu a Turai suka ƙalubalanci takardar, suka kawo shaida cewa a Indiya an riga an san wannan amfani ana kuma aiki da shi. A 2000 aka soke ta, a 2005 aka tabbatar da sokewar bayan ɗaukaka ƙara. Shekara 10 ana shari'a. Abin da ya ba su nasara shi ne shaidar da alƙali zai iya dubawa. Daga baya Indiya ta tattara ilimin magungunanta na gargajiya a rubuce, ta ba ofisoshin birebe na duniya damar dubawa kafin su ba kowa takarda.

Habasha kuma ta bi ta hanyar marka. A 2005 gwamnatinta ta nemi rajistar sunayen gahawarta uku, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, a ƙasashen da ake sayar da ita. Aka yi ta ja-in-ja da kamfanin Starbucks na Amurka, ƙungiyar Oxfam ta shiga ta goyi bayan manoma, har aka sasanta a 2007, kamfanin ya amince da haƙƙin Habasha a kan sunayen. Habasha ta zaɓi marka ne don tana ganin bin sawun miliyoyin ƙananan manoma gona-gona, kamar yadda alamar asalin wuri ke buƙata, zai yi mata tsada.

TAKARDUN 2023

Bayan rigimar 2009, kowa ya gane cewa tare ɓarawo a ƙofa bai isa ba, sai an sa wa ɗaki makulli. Makullin da ya dace da Galmi shi ne alamar asalin wuri. OAPI ta ba da irinta na farko a 2013: barkonon Penja da farar zumar Oku a Kamaru, da gahawar Ziama Macenta a Gine. Nijar ta shiga layi, kuma aikin ya ɗauki shekaru, don sai an shata iyakar yankin, an kafa ƙungiyar masu sana'a da za ta riƙe alamar, an rubuta littafin sharuɗɗa mai bayyana irin da za a shuka da yadda za a noma da yadda za a tantance. Hausawa na cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. A gaban masu doka kuwa sai da aka nuna cewa ta Galmi ta yi halin ƙasarta da ruwanta da hannun masu nomanta.

A watan Afrilu 2023 aka miƙa wa Nijar takardu huɗu a Yamai. Albasar Galmi da kilishin Nijar suka samu alamar asalin wuri. Cukun Nijar da fatar jar akuya ta Maraɗi suka samu marka ta gamayya. Fatar nan da ta shekara ɗaruruwa tana yawo a Turai da sunan wata ƙasa, yau tana da takarda da sunan Maraɗi.

ABIN DA TAKARDA BA TA YI

Yanzu mu zo ga abin da ya rage, don a nan ne maganar ta shafi aljihun manomi.

Na farko, iyakar takardar. Tana aiki a ƙasashen OAPI, kuma cikinsu akwai manyan kasuwanninmu: Kodebuwa, Benin, Togo, Burkina Faso. Amma Ghana ba ta cikin OAPI, Najeriya ma haka. Albasarmu tana shiga Kumasi da Akara kamyo-kamyo, kilishi kuwa ana yin sa a Kano da Sakkwato kamar yadda ake yi a Madawa. Takardar Yawunde ba ta aiki kai tsaye a waɗannan ƙasashe, sai an bi wata hanya daban. Kuma takardar kilishi ba ta hana mahaucin Kano yin kilishi ba. Abin da ta hana shi ne a sayar da wani nama da sunan kilishin Nijar alhali ba shi ba ne.

Na biyu, suna ɗaya ne yake ɗauke da kaya biyu. Violet de Galmi sunan iri ne, kuma sunan wuri ne. Manomin Sanagal ko na Burkina da ya shuka wannan iri shekara da shekaru, da wane suna zai kira albasarsa? Manomin Agadas fa? Alamar asali tana kare albasar da aka noma a yankin da aka shata bisa sharuɗɗa. Bambance ta da wadda aka noma a wani wuri da iri ɗaya sai da buhu mai tambari da kuma masu sa ido a kasuwa. In albasa ta bar Galmi a buhun da ba rubutu, ta isa Abijan aka juye ta aka gauraya da wata, to takarda tana Yamai cikin akwati, mai saye bai san da ita ba, manomi bai ga ƙarin ko dala ba.

Na uku, tsabtar irin kansa. Furen albasa ƙwari ne ke ɗaukar garinsa daga wannan zuwa wancan, ƙudan zuma da ƙudaje. In mai fidda iri ya bar farar albasa ko wani baƙon iri yana fure kusa da nasa, za su haɗu, kuma abin da zai fito baɗi ba zai zama na Galmi sak ba. Haka kuma wanda ya sayar da kyawawan albasarsa duka lokacin tsada ya bar ragowa don iri, da hannunsa yake rage darajar abin da aka yi rigima a kansa. Irin albasa ma ba ya jure daɗewa, in ya kwana biyu a ajiye tsirowarsa raguwa take. Wannan aiki ba na Yawunde ba ne, na garka ne, na ƙungiyoyin manoma da INRAN.

Na huɗu, hanya. Wata huɗu bayan miƙa takardun, aka rufe iyakoki sakamakon takunkumin da ya biyo bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli 2023. Kamyo-kamyo na albasa suka tsaya a kan iyaka kaya na ruɓewa, a Ghana kuma farashi ya tashi. Ranar nan kowa ya ga yadda ake buƙatar albasarmu a waje, ya kuma ga cewa suna mai daraja ba ya kai kaya kasuwa in hanya a toshe take.

Akwai kuma darasin da ya wuce albasa. Buƙatar 2006 ta shekara kusan uku kafin manoma su ji labarinta. Doka tana ba da dama a ƙalubalanci takarda, amma sai wanda ya san an shigar da ita. Muna da irin gero da wake da gujiya da riɗi da barkonon Difa da kowane yanki ke alfahari da su, muna da shanun Azawak da tumakin balami. Abin da ya ceci Galmi shi ne an riga an rubuta siffofinta tun shekarun 1970, aka samu abin nunawa. Irin da ba a rubuta ba, ranar da wani ya kai shi ofis da sabon suna, da mi za mu yi gardama? Ƙungiyoyin manoma su nemi a rubuta irinsu na gado a kundin ƙasa da sunan garuruwansu. Ɗalibanmu na jami'o'in Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram da ke karatun noma da na shari'a su mai da wannan abin bincikensu. Ma'aikatar da ke wakiltar OAPI a Yamai kuma ta riƙa sanar da jama'a, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, duk buƙatar da ta shafi wani abu namu, tun lokacin ƙalubale bai wuce ba.

Manoman albasa da ke shirin zuba iri bana, Allah ya ba da sa'a, ya kare ku daga ruɓa da faɗuwar kasuwa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.